Tsabar Kwatano da Hannun Malam Habu

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayin bakin layinmu a Tudun Wadan Zariya sai wani ya matso: "Nura, yaya ƙasar waje? Ka ga teku? Da gaske ne matansu na tuƙa babur?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na fara ba labarin sai ya katse ni a tsakiya ya tambayi tsaraba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba. Leda ce ta kai ni, kuma yawancin tafiyar a fusace na yi ta.

Kawuna Alhaji Sale, yayan mahaifiyata, yana da 'yar masana'anta a bayan Kwangila, inda muke yin ledar da masu ruwan leda ke ɗura ruwa a ciki. Aikin ba shi da wuyar faɗi: a zuba tsabar roba a inji, wasu 'yan farare-farare kamar shinkafa, ta narke, iska ta hura ta ta zama doguwar leda, a naɗe. Mai riƙe da injin tun ina firamare shi ne Malam Habu. Ni kuwa da na gama karatun sinadarai Kawu ya ɗauke ni aiki, kuma yana kirana Injiniya duk lokacin da yake son yi mini ba'a, wato kullum.

Bana ledarmu ta fara fashewa. Mai keke zai ɗauko jakunkunan ruwa daga unguwar Kongo, kafin ya iso Tudun Wada bayan keken na zuba kamar an ɓalle famfo. Masu ruwa suka fara dawo mana da kaya, wasu suka daina ɗaga wayar Kawu. Rannan ya shigo da zafinsa, ya tara ma'aikata duka, ya nuna Malam Habu da yatsa ya ce hannunsa ya mutu, tsufa ya kama shi, ya je gida ya huta. Malam Habu ya wanke hannu a bakin famfo, ya ɗauki hularsa ya fita. Mutum ne mai iyali, ga yara a makaranta, kuma duk Zariya babu mai inji da zai ɗauki wanda aka ce hannunsa ya mutu.

Na ce wa Kawu ba hannu ba ne, tsabar ce aka canza mana. Ya ɗebo 'yan kaɗan ya jefa a baki ya gartsa, ya tofar, ya ce, "Wannan? Tsabar da nake saye tun kana goye? Injiniya, boko dai ya cuce ka." Ba ni da abin da zan nuna masa, domin kayanmu daga Kwatano suke zuwa a farin buhu, babu sunan kamfanin da ya yi su, babu komai sai sunan dillalinsa. Na hau injin da kaina bayan tafiyar Malam Habu, leda ta ci gaba da fashewa. Kuna tsammani wannan ya sa Kawu ya sake tunani? Cewa ya yi ai dama ni ban iya ba. Daga ƙarshe ya ce zai je saro sabon kaya, in biyo shi in gani da idona, in rufe wa mutane baki. Na ƙulla tsabar da ke fashewa a leda ɗaya, na kankaro ragowar tsohuwar daga lungun sito na ƙulla a wata, na bi shi.

Motar Legas muka shiga. Kawu ya ɗauko wa mai masaukinsa tsarabar kuka da kilishi da daddawa, ya kuma rantse daddawar ba za ta shiga but ɗin mota ba, a ƙarƙashin kujerata za ta zauna. Kafin mu wuce Kaduna matar da ke gefena, wata 'yar kasuwa mai zuwa Ibadan, ta toshe hanci da gyale tana hararata, ni da ba ni da ko ƙwallo ɗaya a ciki. Duk inda mota ta tsaya kuma sai in sayi ruwan leda, ba don ƙishi ba, in riƙa danna shi da babban yatsa ina duba bakin liƙinsa. Matar ta kalli Kawu ta ce, "Alhaji, yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa?" Ya ce, "Hajiya, addu'a muke ta yi."

Bayan mun haye Jebba taya ta yi faci, muka zauna a gindin wata bishiya ana gyara. Na ga Kawu ba shi da wurin gudu, na ce bari in gwada sa'ata.

"Kawu, ita robar nan, polietilin, in da za ka ga can cikinta, zaruruwa ne dogaye ƙwarai. In aka bar su su kaɗai sai su jeru su matse, robar ta yi tauri irin ta jarka. To don a samu leda mai laushi, tun a kamfanin da ke yin ta ake sa mata abokin haɗi kaɗan. Shi ke fito wa zaren da 'yan rassa a gefe, su hana shi matsewa."

"To."

"Abokan haɗin nan uku aka fi sani: butin, heksin, oktin. Reshen butin gajere ne, na heksin ya fi shi tsawo, na oktin ya fi duka. Dogon reshe ya fi hana zaren kwanciya wuri ɗaya, sai ya ratsa daga wannan dami zuwa wancan ya ɗaure su. Kamar ƙirare ne, Kawu. Wanda aka sassaƙe sumul, ka ja ɗaya ya zaro shi kaɗai. Mai rassa kuwa ka ja ɗaya duk damin ya biyo ka. Shi ya sa ledar heksin ke jure huda da yagewa, ko da an yi ta siririya irin tamu. Ni ina zaton da heksin muke aiki a da, yanzu aka ba mu butin."

Na juya in ga yadda ya karɓa. Ya jingina da bishiya, hula ta rufe ido, har da minshari. Matar Ibadan ce kawai ta saurare ni, ita ma abin da ta ce shi ne, "Allah ya ba ka lafiya."

Legas ba zan ba ku labarinta ba, domin ban ga komai ba sai bayan motar da ke gabanmu. Muka bi ta Badagiri muka isa iyakar Seme, inda kowa ke sauri kuma babu mai matsawa. A ɓangaren Jamhuriyar Binin wani jami'i ya buɗe jakata ya ga ƙullin tsaba guda biyu, ya ɗaga su sama yana tambaya da Faransanci. Ni ba Faransanci, shi ba Hausa. Na gane dai yana zaton takin zamani ne. Kawu ya ce in matsa, shi zai yi bayani. Bayaninsa kuwa shi ne ya ɗebo ya jefa a baki ya gartsa, ya buɗe hannu yana murmushi. Jami'in ya ja da baya. Allah ya sa mutumin na da hankali: ya ɗebo ruwa a kofi ya zuba tsabar, ta taso sama tana yawo, ba ta narke ba. Ya gyaɗa kai ya miƙo mini kayana. Daddawar ce ta tsayar da mu. Sai da aka kira wata ma'aikaciya ta sansana, ta yi dariya ta ce su ma suna da irinta, sannan aka bar mu muka wuce.

Kwatano gari ne na 'yan acaɓa, amma nasu duk da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kuma ga hular kwano. E, matansu na tuƙa babur, da ɗa a goye ma, kuma sun fi na Kwangila bin hannu. Unguwar Zango muka sauka, inda za ka ji Hausa ta ko'ina har ka manta ka ƙetare iyaka, sai dai tasu na tafe da "bonju" da "mersi" na Faransanci a tsakiya.

Mai masaukinmu shi ne Alhaji Mamuda, dattijo mai faran-faran, kuma shi ne dillalin da sunansa ke jikin buhunanmu. Ga wanda bai sani ba, haka fatauci yake a can tun zamanin kakanni. Mai masauki zai ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya tsare maka kaya, ya yi maka tafinta. Kai kuma ba ka sayen ko allura sai ta hannunsa, ba ka kuma tambayarsa inda ya samo. Shi ya sa yake juye kaya a buhunsa, don kada baƙo ya ga sunan mai kaya gobe ya tsallake shi. Tsari ne da ya yi wa fataken goro da na shanu aiki, domin goro kana ganinsa ka san mai kyau. Ita tsabar roba kuwa ko uwarta ba za ta bambance ta da ido ba.

Karamci kam an yi mana, har ya zame mini azaba. Da safe shayi da wani dogon burodi mai taurin tsiya da ya kankare mini dasashi. Da rana akasa, wani abu kamar kafa mai ɗan tsami, da soyayyen kifi da barkonon da ya sa ni hawaye. Da yamma tuwon shinkafa da miyar kukar da muka kawo. Tsakanin wannan kwano da wancan kuwa sai hira: wane ya rasu, wane ya aurar da 'ya, yaya damina a Zariya. Kwana ya bi kwana, maganar kaya ko alama. In na matsa wa Kawu sai ya ce, "Kai ba ka da ta ido ne? Mutum ya sauke ka, ka fara da tuhuma?"

Ana cikin haka mahaifiyata ta kira ni. Ta ce ta ga Malam Habu a tashar Kwangila yana tambayar masu lodi ko da aikin dako, mutumin da gwiwarsa ke ciwo. Na kashe wayar na koma zaure na tarar ana gardamar ko kifin teku ya fi na Kogin Galma daɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da aka kawo abincin rana na aje cokali na ce, "Baba, don Allah tsabar da aka aiko mana bana, iri ɗaya ce da ta bara?"

Kawu ya take mini ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwa. Shi kuwa Alhaji Mamuda ko a jikinsa. Ya yi murmushi ya ce, "A'a, ɗana, ai na canza. Waccan ta yi tsada, na ce ba zan bari ɗan'uwana ya sha wahala ba. Na samo masa mai sauƙi, fara tas, nauyinsu ɗaya, narkewarsu ɗaya, mai sito ma ta tabbatar mini. Ban faɗa masa ba don kada ya ce zai yi mini godiya."

Ku ji fa. Alheri aka yi mana a ɓoye, alherin ya cinye aikin bawan Allah. Na rasa ma wanda zan yi fushi da shi.

Na roƙi a kai mu siton. Nan ma sai da aka kai ruwa rana, domin kai baƙo wurin mai kaya tamkar cire wa dillali hula ne a kasuwa. Sai da Kawu ya rantse ba zai karɓi ko lambar waya ba. Muka hau babura zuwa wajen tashar jiragen ruwa, muka isa rana tsaka, muka tarar an rufe. Wai a can in rana ta take ana tafiya cin abinci da hutawa, sai ta ɗan karkata a dawo. Muka tsaya a inuwar katanga, iskar teku na manna mana riga a jiki. Masu tambayata ko na ga teku, to wannan ne ganin da na yi masa: wani shuɗi-shuɗi can tsakanin manyan kwantenoni biyu.

Mai siton wata mata ce mai gilashi, kowa na ce mata Madam. Alhaji Mamuda ya tsaya a matsayin tafinta. Ta dubi ƙullina biyu, ta tambaye shi wanne ya ɗauka bara, wanne bana, sannan ta yi dogon bayani da Faransanci, tana nuni da hannu, tana girgiza kai. Da ta gama ya juyo ya ce, "Ta ce kaya lafiya lau, kuma tana gaishe ku."

Na ce ina, wannan bayanin ya fi gaisuwa tsawo. Na gwada ta da Turanci, ashe tana ji. Ta ce na bara mai heksin ne, na bana mai butin. A awo nauyinsu na iya zuwa ɗaya, yadda suke narkewa ma ɗaya, amma ba su da ƙarfi ɗaya. Mai butin ba shi da laifi, ya dace da ledar cefane da irinta, ko a yi shi da kauri. Amma a yi shi siriri a ɗura masa ruwa, a jibga a keke a bi ramuka, dole ya ba da kai. Ta ce da an gaya mata ledar ruwa za a yi da ta faɗa tun farko, amma abin da aka tambaye ta kawai shi ne mai sauƙi. Na juya duk wannan da Hausa, ban rage ko kalma ba, Kawu na zare mini ido.

Ya ce shi bai yarda da abin da ba a gani ba. Madam ta shiga ciki ta fito da ledar gwaji iri biyu, kaurinsu ɗaya. Ta ce ya tura babban yatsa a kowacce. Ta farko ya tura, ta ɗan miƙe, yatsa ya ɓullo. Ta biyu ya tura, ta bi yatsan tana miƙewa, ya ƙara ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi kafin ta huje. Bai gamsu ba. Ya sa aka ɗura wa kowacce ruwa aka liƙe, ya tuɓe takalmi ya taka mai heksin, ta baje ta dawo. Ya taka mai butin, ta yi fau, ruwa ya wanke masa babbar riga har ƙirji. Ma'aikatan sito suka juya baya suna dariya. Ni ban yi ba, jira nake in ji abin da zai ce.

Abin da ya ce shi ne, "Ikon Allah." Sai kuma ya shiga lallashin Alhaji Mamuda, wanda ya yi tsuru-tsuru. Ai ba laifinsa ba ne, ai niyyarsa alheri ce, ai ko shi ne haka zai yi. Nan take suka daidaita: tsabar butin da ya riga ya tanadar mana za mu ɗauka mu yi ledar cefane, mai heksin kuma ta ledar ruwa, duk ta hannunsa, a buhunsa, sai dai a sa wa ɗaya jan zare a baki. Aka yi wa Madam godiya, aka yi addu'a, aka shafa. Kowa ya fita da mutuncinsa cif.

Na ce, "To Kawu, Malam Habu fa?"

Ya ce, "Wannan maganar gida ce."

Daga Kwatano har Zariya bai sake ɗaga ta ba. Ya yi maganar farashin man fetur, ya yi maganar burodin da ya kusa karya masa haƙori, ya yi barci. Ni ma na yi masa shiru irin wanda ban taɓa yi wa babba ba. Sai da muka sauka a Kwangila, yana shiga keke, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka biya ka ce wa Habu ya dawo aiki."

Na same shi a zaurensa yana shafa man zafi a gwiwa. Na ba shi labarin duka, har da butin da heksin, kuma shi ne mutum na farko da ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce dama ya ji ledar ta sauya a hannunsa, bai dai san sunan abin ba. Sannan ya ce, "Alhaji me ya ce?"

"Ya ce ka dawo."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

Ya rufe kwalbar man ya ce, "Nura, a gaban yaran da na koya wa aiki aka ce hannuna ya mutu. Kai kuma ga shi kana gaya mini ya farfaɗo, mu biyu a zaure."

Ranar da sabon kaya ya iso ya zo da sassafe, amma bai shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya. Ma'aikata suka fito gaishe shi suka kasa komawa. Kawu ya iso ya gan shi, ya fara gaisuwa: yaya iyali, yaya gwiwa, yaya yara, yaya maƙwabta, har ya rasa wanda zai tambaya. Ya ce, "To bismilla, ga inji can na jiranka." Malam Habu ya ce, "Na gode, Alhaji," bai ɗaga ƙafa ba.

Kawu ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya gyara hula. Ya matsa kusa da shi ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba hannunka ba ne, Habu. Tsaba ce."

Babu wuta a lokacin, ba a kuma tayar da janareto ba. Wurin tsit, har kana jin kukan kaji daga maƙwabta. Malam Habu ya kara hannu a kunne ya ce, "Alhaji, ban ji ba."

Na zaci Kawu zai juya ya tafi, kuma da ya tafi da ni ma na aje aikin a ranar. Amma bai tafi ba. Sannan ya juyo ya fuskanci ma'aikatan, ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ta wancan karon, ya ce, "Na ce ba hannun Malam Habu ba ne. Ni na zalunce shi. Kun ji?"

Suka ce sun ji. Malam Habu ya naɗe hannun riga, ya wuce ta gabanmu ya shiga, ya ce wa yara su tayar da janareto.